Gwanar Oga

Kwana uku injiniyar ofishin tana fama da kwamfutar oga. Tun da ta ɗora mata sabuwar manhaja intanet ya ɗauke. Ta sauya direban intanet na cikin kwamfutar, ta sake lambobin saiti na DNS, shiru. Oga ya ce gobe zai miƙa aikin ga sabuwar ma'aikaciya, wadda bakinsa ba ya gajiya da yabonta.

Ana kiran magariba, kowa ya watse, sai ga ma'aikaciyar a bayanta. Ko motsin ƙofa ba ta ji ba.

"Yaya, matsa in gwada."

"Ga wuri, gwanar oga," injiniya ta ce, zuciyarta na tafasa. Garin tashi ta sa ƙafa ta fizge kebul ɗin intanet daga bango. A gyara mu gani!

Ma'aikaciyar ta taɓa madannai biyu. Shafuka suka fara buɗewa.

Injiniya ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin tebur. Ga kebul yashe a ƙasa. Ga takalman ma'aikaciyar a jere, siket na lilo a samansu, babu ƙafafu.

"Yaya," muryar ta fito dab da kunnenta, "mayar da abin da kika cire."