Lasisin Gidaɗo

Duk wanda ya taɓa tuƙi tsakanin Yola da Kano ya sauke karatun mota. Sauran hanyoyin duniya bita ce kawai. Wannan ita ce aƙidar Gidaɗo, ɗalibin PhD mazaunin unguwar Hulme a Manchester, Ingila, kuma ita ya bayyana a wani taron suna a unguwar Erdington ta Birmingham, bakinsa cike da dambun nama.

Wata budurwa mai raba lemo ta tsaya ta dube shi.

"To Malam, a me ka zo daga Manchester?"

"A coach," in ji shi, wato bas ɗin haya.

Ta yi dariya har lemon ya zube. Sunanta Ramlat, ma'aikaciyar kemis, haifaffiyar Birmingham. Ya koma gida da lambarta, ya bar mata zuciyarsa.

Wasu samarin da kalamai suke zance. Gidaɗo da taswira ya yi nasa.

"Hasken idona," ya rubuta mata, "bayan biki tsibiran Cape Verde za mu. Mu ɗauki hayar mota, ni ne direba, ke naki barci a gefe. Babu jadawali. In tsibiri ya yi mana daɗi mu kwana, in ya ishe mu mu ajiye motar, mu hau jirgin ruwa, mu ɗauki wata a na gaba. Kuma hannun dama suke bi, irin na mutanen kirki, ba hagu irin na Ingila ba."

"Direbana," ta amsa, "ni ko nan kusa Coventry ka kai ni na gode."

Da magana ta je gaban Abbanta, tsohon likita, bai tambayi asali ba, bai tambayi albashi ba. Ya saurari shirin tsibiran har ƙarshe, sannan ya ce, "Ina lasisinka?"

Na Najeriya ya mutu tun bara. Na Ingila kuwa Gidaɗo ya je gwaji ya faɗi, ya koma ya sake faɗuwa. A na farko ya danna wa wata tsohuwa hon tana tsallaka titi. A na biyu ya shiga shataletale da addu'a maimakon duba dama.

"Ɗana," in ji Abba, "ba ka da izinin kai ta kanti, za ka kai ta bakin dutse a tsakiyar teku? Kawo lasisi kafin azumi. In ba haka ba, Ja'afar ma ya turo."

Ja'afar ɗan aminin Abba ne, mai baƙar mota da kujerun fata, kuma ba shi da wata hira sai tasu.

Gidaɗo ya fara zuwa koyon mota a unguwar Withington wajen Celestina, wata 'yar Jos marar tausayi. A ɓoye yake zuwa, don wanda ya sauke karatu ba ya son a gan shi da allo.

"Oga PhD, madubi!" take cewa. "Cire hannunka daga hon ɗin nan, please, ba tasha muke ba."

Ran nan Ja'afar ya shigo Manchester, ya hange su a mota, ya ɗauki hoto ya aika inda ya dace. Saƙon Ramlat ya biyo baya: "Ashe akwai wadda aka riga aka fara zagaye tsibiran da ita. Allah ya ba da sa'a." Daga nan ta daina ɗaga waya.

Ya hau coach ya tafi Erdington, ya tsaya a ƙofar gidansu har Ramlat ta fito.

"Malamata ce," ya ce. Maganar ta fito kamar ana cire masa haƙori. "Koyon mota nake."

"Kai? Na Yola zuwa Kano?"

"Ni."

Ta daɗe tana kallonsa, sannan dariya ta ƙwace mata har da hawaye. "Wallahi ba ka taɓa gaya min magana mai daɗin wannan ba."

Ana saura kaɗan azumi ya ci gwajin, bai taɓa hon ba ko sau ɗaya. Celestina ta yi guɗa a bakin titi har Turawa suka waiwayo. Bayan sallah aka ɗaura aure. Abba ya dafa kansa ya ce, "Allah ya yi muku albarka, ya kiyaye hanya." Ja'afar ya zo da baƙar motarsa, aka sa shi jigilar kulolin abinci.

A tsibirin farko Gidaɗo ya ɗora sabon lasisinsa a kan kantar masu hayar mota kamar takardar digiri. Matar da ke wurin ta duba, ta yi murmushi, ta ce su ba sa ba da mota sai lasisi ya shekara.

Ya juyo ga amaryarsa. "Ai shi ya sa na ce babu jadawali. Flexible."

Ramlat ta ciro nata lasisin ta miƙa. A mota Gidaɗo ya baje taswira a cinya, ya fara yi mata bayanin yadda ake shan kwana a kan dutse. Ita kuwa, da ta zo da ƙaramin matashin barci a jaka, ta jefa shi baya, ta gyara madubi da hannunta mai lalle.

"Ɗaura bel, Direbana," ta ce, ta tayar da mota.