Littafin da Bai Ƙetare Iyaka Ba

"Sa hannu kawai ya rage, Nermin. Ga biro."

Tunjay ya turo mata takardar yarjejeniyar tsakanin kofunan shayi biyu da suka huce ba a taɓa ba. A gefe ga damin takardu ɗaure da zare, fassarar littafinta na farko daga Bulgariyanci zuwa Turkanci, aikin da ya ci masa shekara biyu cur. Tun da asuba ya taso daga Edirne ta Turkiyya a bas, ya ƙetaro iyaka har Kirjali ta Bulgariya, don kawai ya ga murnarta da idonsa.

Murna kuwa bai gani ba. Kallon biron take yi kamar an ajiye mata kunama.

"Masoyiyata, lafiya? Kamfanin Istambul ne fa. Sun ce kafin hunturu zai fito."

"Ba zan iya ba, Tunjay..."

Ya yi dariya, a zatonsa tsokana ce.

"To a ƙara miki alewar baklawa, ko hannun zai saki?"

"Da gaske nake."

Dariyar ta ɗauke. Ya fi kowa sanin halin da take ciki. Shekara goma da fitar littafin, ya ƙare a kasuwa, masu buga mata a Sofiya kuma sun ce ba za su sake bugawa ba sai ta kawo ci gabansa. Labari biyu ta kai musu, duka suka maido. Madam Tsvetana, editarta, kullum maganarta ɗaya: mutane so suke su ji abin da ya sami yaron nan na cikin littafin da jirgin ƙasa ya tafi da shi. Nermin kuwa ko layi ɗaya ta kasa rubutawa a kan yaron. Wannan fassara ita ce ƙofa ɗaya da ta rage mata.

"Faɗa mini dalili," in ji shi.

Ta sunkuyar da kai.

"Matar da ke cikin littafin, wadda ta sauka daga jirgin ƙasa da jaririya a hannu ta bar ɗanta a ciki... Innata ce. Jaririyar ni ce. Yaron kuma Yaya Shenol ne, da ke Bursa can Turkiyya."

Tunjay ya dubi damin takardun. Shafin nan ya san shi kamar tafin hannunsa, sau bakwai ya sake fassara shi. Shekarar da Turkawan Bulgariya suka yi ta kwarara zuwa Turkiyya da katifu da tukwane, mace ta ɗaure wa ɗanta mai shekara shida jajayen takalmansa, ta ce za ta ɗebo ruwa. Ba ta dawo ba. Ta koma ƙauye saboda wani malamin makaranta da take so, shi kuma ko ƙofar gidanta bai taɓa takowa ba.

"Babanmu ya ce wa Yaya a iyaka aka hana ta wucewa, wai takardunta ba su cika ba. Har Baba ya rasu bai sauya magana ba. Da wannan Yaya ya girma. Inna ta ba ni labarin da sharaɗi ɗaya: in rubuta da Bulgariyanci, harshen makaranta, ban da Turkancinmu na gida. Yaya bai shiga aji a nan ba ya tafi, ko haruffan bai sani ba."

"Kuma kika bar ni ina fassarawa shekara biyu."

"Na yi ta cewa gobe zan faɗa maka... Ka ce littafin ne ya kawo ka wurina. Na ji tsoron in na karɓe shi kai ma ka tafi."

"To mu sauya sunaye. Mu mai da jirgin bas."

"Takalman fa? Ruwan da ta ce za ta ɗebo fa? In an cire su me ya rage?"

Ya san gaskiyarta, kuma wannan ya fi ɓata masa rai.

"Shekara huɗu ina jiranki, Nermin. Na ce mu yi aure ki dawo Edirne, kin ce Inna. Na ce mu tafi da ita, kin ce ba za ta taka ƙasar ba. Yanzu na gane dalili. Ba littafin kaɗai kike tsarewa a wannan gefen ba, har da kanki."

"Ka ƙara mini lokaci, rabin raina."

"Har yaushe? Har ta mutu? Ba zan zauna ina jiran mutuwar tsohuwar da ke yi mini wainar banitsa ba. Wallahi ba zan zama wannan mutumin ba."

Ya miƙe ya ɗauki jakarsa. Fassarar ya bar mata a kan tebur.

"Taki ce. Ki yi yadda kika ga dama da ita."

Ba ta bi shi ba. Tana zaune har bas ɗin azahar ya wuce ta gaban shagon shayin, tana kuka ba sauti, mai shayi yana kawar da kai.

A ƙauye ta tarar da Inna Sebile a tsakar gida tana tsire ganyen taba da doguwar allura, yatsunta baƙi ƙirin da danƙo. Tari ya ci ƙirjinta, likita ya hana ta aikin, amma wa zai gaya wa Inna Sebile ta ji?

"Ina surukin nawa mai gilashi? Na yi masa banitsa da cuku, ko ya ƙara ƙiba. Mutum kamar tsinken tsire."

"Ya koma, Inna."

Tsohuwar ta dubi idanunta, ta dubi damin takardun da ke hammatarta. Ba ta da zurfin karatu, amma ba a ɓoye mata abu.

"Wancan da harshenmu ne?"

"E."

Allurar ta tsaya.

Nermin ta durƙusa a gabanta ta riƙe gwiwoyinta.

"Inna, ki sake ni daga alkawarin nan. Yaya ya girma, yana da 'ya'ya biyu. Ƙila ya fahimta..."

"Ƙila. Kina so in ɗora ɗana a kan ƙila?"

Ta yi tari mai tsawo, ta share baki da gefen ɗankwali.

"Duk Juma'a bayan masallaci yake kira. Ya ce, Innata, kin ci abinci? Daga Juma'a zuwa Juma'a nake rayuwa, Nermin. Yana tausayina, yana ganin zaluntata aka yi. Ran da ya san da ƙafata na sauka, saboda wani ƙato da bai ko gaishe ni ba daga baya, wayar nan ba za ta sake ƙara ba. Na yi laifi, na sani, Allah ma ya sani. Ki bar ni in mutu da muryarsa a kunnena. Shi ke nan abin da na roƙe ki."

"Ina son Tunjay, Inna."

"Na sani, 'yar auta. Ni ma na taɓa so, kin ga inda ya ajiye ni."

Nermin ta so ta ce ba ɗaya ba ne. Ta haɗiye. Ta tura fassarar ƙarƙashin gado, washegari ta rubuta wa kamfanin Istambul cewa ta fasa. Madam Tsvetana da ta ji labari ta kira ta ce, "Ke kin san marubuta nawa ke mafarkin wannan dama?" Daga ranar ba ta sake kira ba.

Tunjay ma bai kira ba. Sau uku Nermin ta rubuta masa saƙo tana gogewa, don ba ta da sabon abin da za ta faɗa. Da kaka ta shigo, wata ƙawarta ta gaya mata an yi masa baiko da wata malamar asibiti a Edirne. Ta ce Allah ya sanya alheri, ta shiga rumfar taba ta rufe ƙofa, ba ta fito ba sai da Inna ta ƙwala mata kira.

Farkon hunturu jikin Inna ya tsananta, Shenol ya zo daga Bursa da kwalin alewa da magungunan da ba wanda ya aike shi. Ƙato ne mai furfura a gefen kai, hannayensa duk kanta saboda aikin masana'antar mota. Ya sumbaci hannun Inna ya ɗora a goshi, ya zauna yana ba ta miya da cokali, tana kallonsa kamar za ta haɗiye shi.

Da hantsi, da barci ya ɗauke ta, ya yafito Nermin.

"Zo ki nuna mini rumfar nan, ƙanwata."

A cikin rumfar, ƙarƙashin jerin busasshiyar taba, ya ce, "Ina saurayin naki mai fassara? Bara kin ce ya kusa gamawa."

"Mun rabu. Fassarar ma an fasa."

"Saboda ni?"

Ta kawar da kai.

"Me ya kawo ka ciki, Yaya?"

Ya sa hannu a aljihun babbar rigarsa ya zaro littafi. Nata ne. Kwafin da ta ba shi da hannunta shekara goma da suka wuce, ta sa masa hannu da fara'a, hankalinta kwance cewa haruffan nan a rufe suke gare shi. Bangon ya yage an liƙe da salatif. Ta buɗe. A saman kowace kalma ta Bulgariyanci akwai ma'anarta da Turkanci, da fensir, da rubutu ƙanana ƙanana.

"Ƙanwata ta rubuta littafi, in ajiye shi a kan talabijin kamar fure? Kunya ta kama ni. Na sayi ƙamus da littafin 'yan aji ɗaya. Lokacin hutun cin abinci nake yi, wata rana layi biyar, wata rana uku. Abokan aiki har Farfesa suke ce mini." Ya ɗan yi murmushi. "Shekara ɗaya da rabi na kai shafi na tamanin da huɗu."

Ta zauna a kan buhu.

"Kalmar farko da na duba a shafin ita ce ja. Ta biyu takalmi. Ban ƙara buɗe ƙamus ba ranar. Ni fa ina tuna takalman, Nermin. Na dama yana matse ni. Ina tuna ta ce ruwa za ta ɗebo, na leƙa ta taga ina jira."

"Yaya, ka yafe mini..."

"Ranar Laraba ce. Kwana biyu ban ci abinci ba. Na rantse ba zan sake jin muryarta ba. Da Juma'a ta zo na fito daga masallaci, sai ga waya a kunnena, ban san lokacin da na danna ba. Ta ce, ɗana, kai ne? Sai na ce, Innata, kin ci abinci?"

Ya share ido da bayan hannu.

"Shekara takwas ke nan. Ban ce na manta ba. Amma uwa ɗaya gare ni."

Shekara takwas. Nermin ta tuna kofunan shayin nan biyu, da bas ɗin azahar. Ashe abin da ta sayar da farin cikinta don ta tsare, tuni yana yawo a aljihun Yaya.

"Me ya hana ka faɗa mini? Da ka faɗa, da yanzu..."

"Ban san zai kai ga haka ba. Wallahi da na sani, da na kira ki."

Ta miƙe da sauri.

"To mu je mu gaya mata. Ta huta, ni ma in huta."

Ya riƙe hannunta.

"A'a. Kin ga yadda take kallona? Tana iya kallona ne don tana ganin ban sani ba. Ran da ta san na sani, ko na yafe sau dubu ba za ta sake ɗaga ido ta dube ni ba, waya ma ba za ta ɗauka ba. Ki yi mini alkawari, ƙanwata. Kada ta ji. Fassarar ma ki bar ta inda take, muddin tana numfashi."

Nermin ta yi wata dariya mai kama da kuka. Alkawari ɗaya ya hana ta aure, ga na biyu an ɗora mata a kai.

"Na yi," ta ce.

Ya mai da littafin aljihu. A bakin ƙofa ya juyo.

"Yaron nan kin bar shi a jikin taga. Na duba har ƙarshe, ba ki sake ambatonsa ba."

"Ban san abin da ya same shi ba, Yaya. Shi ya sa na kasa rubuta na biyu."

"Ni na sani. Wata rana ki zo Bursa da biro. Amma ba yanzu ba."

Kwana biyar ya yi ya koma bakin aiki.

Ranar Juma'a Nermin ta jingina Inna da matashi, ta gyara mata ɗankwali, don tsohuwar ba ta yarda ta amsa wayar ɗanta kai ba ɗauri. Bayan masallaci wayar ta yi ƙara. Nermin ta kara mata a kunne, tana jin muryar daga nesa: Innata, kin ci abinci?

Da suka gama, Inna Sebile ta kamo wuyan hannunta da yatsun nan da danƙon taba bai taɓa fita daga cikinsu ba.

"Kun daɗe a rumfa ranar nan. Bai sani ba, ko?"

Nermin ta dubi ƙarƙashin gadon, inda bakin zaren damin takardun ya ɗan leƙo. Ta tura shi ciki da ƙafa.

"Bai sani ba, Inna. Kwanta ki huta."

Tsohuwar ta lumshe ido tana murmushi.

"Allah ya yi miki albarka. Ya ba ki miji nagari."