Zanen Kofur Dzarma

Da hantsin wata Talata a shekarar 1958, Edith, sabuwar akawun wani ɗakin karatu da ke bayan Kasuwar Kwastam, ta faɗo caji ofis tana haki. Wai an yanke shafi guda daga tsofaffin jaridun yaƙi.

Sufeto Babakura ya dube ta sheƙeƙe. Mutumin da ke fama da ɓarayin shanu, yau kuma satar takarda za a kawo masa? Amma da ta ce jaridun nan ma'adanar tarihi za a aika da su, kuma manya sun riga sun san da maganar, sai ya jawo hularsa.

Sunan jaridar Madubin Mako, ta zamanin yaƙin Burma. Rubutunta kaɗan ne, zane ya cika ta, irin wanda ake sassaƙawa a jikin katako, a shafa tawada, a danna a takarda. An ɗinke su littafi-littafi an jera a kabad.

Kwaɗon kabad ɗin lafiyarsa lau. Yankan kuwa a miƙe yake sak, ba yaga ba ne.

"Wa ke da makulli?"

"Malam Ya'akubu, mai kula da ɗakin," in ji Edith. "Wani lokaci yakan bar wa mai gadi don shara."

Malam Ya'akubu dattijo ne, Bakano, ya tsufa a Borno. Yana tsaye a bakin ƙofa, gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

"Malam, yaushe ka buɗe kabad ɗin nan?"

"Na daɗe, yallaɓai. Ni ban iya boko ba, me zan yi da su?"

Babakura ya juya bangon fitowar da aka yanka. An rubuta a ƙasa: "Dubi ciki ka ga abin da Kofur Dzarma ya yi wa Ajimi."

"Wane ne mai gadin?"

"Dzarma," in ji Edith.

Sufeto ya rufe littafin, ya ga ai aiki ya ƙare tun kafin a fara. Babu wanda ya girma a garin nan bai san labarin ba: Dzarma, sojan da ya yar da abokinsa Ajimi mai rauni a dajin Burma ya gudu da ransa. Wa zai so irin wannan abin kunya ya shiga ma'adanar tarihi?

"Yallaɓai, ba lallai shi ne ba," in ji Malam Ya'akubu. Babu wanda ya saurare shi.

A caji ofis Dzarma ya ƙame kamar yana fareti. Dogo ne, ɗan ƙasar Biu, furfura ta fara cin kansa.

"Ina shafin?"

"Ban ɗauka ba, Sa."

"Amma ka san abin da ke ciki."

"An gaya mini. Ban taɓa dubawa ba, ba na son gani."

"To ka yar da shi ko ba ka yar ba?"

"Na goyo shi, Sa, har asibitin tanti. A can ya cika."

Saje ya kece da dariya, Babakura ma ya murmusa.

"Wa ya ɗauke ka gadi a wurin?"

"Malam Ya'akubu, bara waccan. Da kansa ya neme ni. Kafin nan ba mai ba ni aiki a garin nan."

"Ka saka masa da alheri ke nan. Saje, bayan kanta."

Gobe sai gaban alƙali, daga nan gidan yari, aikin gadi kuma ya tafi. Dzarma bai yi roƙo ba, ya cire takalmansa ya shiga.

Shari'a tana son shaida, don haka Babakura ya nemi wani kwafin shafin. Aka ce masa Hajja Gumsu, mahaifiyar Ajimi, tana da shi. Bayan azahar ya hau kekensa zuwa Maisandari.

"Wushe, wushe, ɗana," in ji tsohuwar, tana yi masa sannu da Barbarci. Ta shiga ɗaki ta fito da takardar a naɗe cikin tsohon ɗankwali, ta shimfiɗa ta a kan tabarma. Zane uku ne a jere, baƙi da fari.

Ta ɗora yatsa a kan na dama. "Ga shi ya goya shi." Ta matso tsakiya. "Ga shi ya sauke shi a ƙasa." Ta kai na hagu, inda Ajimi ke kwance shi kaɗai, wani baƙin mutum can nesa cikin itatuwa. "Ga shi ya tafi ya bar mini shi."

"Wa ya fara yi muku bayaninsa, Hajja?"

"Malam Ya'akubu mana. Lokacin yaƙi shi ke hawa kan benci a kasuwa duk mako, ya ɗaga jarida, ya gaya mana abin da hoto ke faɗa."

Babakura ya gyaɗa kai. Shi ma abin da idonsa ya gani ke nan. Ya juya takardar don ya naɗe, sai ya tarar da zanen barkwanci a bayanta, na wani manomin gyaɗa mai ƙaton ciki. Ya bi shi daga dama: manomi da buhu cike, sannan yana noma, sannan yana shuka. Ya kusa yin dariya. Wane irin mahaukacin manomi ne ke girbi kafin ya shuka?

Sai ya sake bin sa daga hagu: shuka, noma, girbi.

Ya mayar da takardar, ya ɗora yatsa a hagu. Ajimi a kwance, Dzarma na tahowa daga nesa. Dzarma ya sunkuya a kansa. Dzarma ya goya shi.

Kullum daga hagu yake karanta rahoto, amma da aka ba shi hoto sai idonsa ya koma dama, inda allo ya koya masa. Kuma da bakinsa ya ce a rufe mutumin nan, har da murmushi. Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba tun da ya sa kaki.

"Hajja," ya ce a hankali, "masu jaridar nan daga nan suke farawa." Ya riƙe yatsanta ya bi da shi.

Ta sake bi da kanta. Sai ta dafe kai. "Innalillahi. Yaron nan ya yi ta zuwa ƙofata, ina sa a kore shi."

Ko da ya koma ɗakin karatu, Edith ya fara ja gefe.

"Da gaske Malam bai iya boko ba?"

"Shi? Ai shi ya zo na ɗaya a ajin yaƙi da jahilci bara waccan. Har jarida yake karanta wa masu shayi."

Bara waccan. Babakura ya shiga ciki, ya tarar da dattijon zaune a kan tabarma, ya zuba wa ƙasa ido.

"Malam, shekarar da ka iya boko ita ce shekarar da ka nemo wa Dzarma aiki. Me ka gani a kabad ɗin nan?"

Malam Ya'akubu bai yi musu ba. Ya cire hularsa, ya zaro shafin a ninke daga cikinta, ya ajiye a gaban Sufeto.

"Na so in ƙone shi, hannuna ya ƙi."

"Gaya mini."

"Yallaɓai, ban yi da mugunta ba, Allah shaida ne. Yadda na saba karatu haka na bi hoton. Jama'a suka yi ta tsine masa, ni kuwa ina jin daɗi an taru ana saurarena. Da na iya boko na zo na buɗe jaridun nan don in gwada kaina. Daga wannan rana ban sake cin abinci na ji daɗinsa ba."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Da wane bakin? In koma kasuwa in ce na kashe wa mutum suna saboda ban san dama da hagu ba? Na ce bari in ba shi abin da zai ci, ko Allah ya rage mini. Sai ga batun ma'adana. Na san can akwai masu karantawa daidai, za su zo neman jarumi."

"Sai ka bari aka tafi da shi da safe a gabanka."

"Na bari," in ji shi. Hawaye suka gangaro cikin gemunsa.

Babakura bai sa masa ankwa ba. Suka tako tare har caji ofis, mutane na ta gaida Malam a hanya.

Sufeto da kansa ya karɓi makulli daga hannun Saje ya buɗe ƙofar. Ya miƙa wa Dzarma takalmansa, ya shimfiɗa shafin a kan kanta.

"Kofur, duba. Na zalunce ka yau, kuma ba ni kaɗai ba."

Dzarma ya sunkuya. Shi a bariki ya koyi karatu, daga hagu ya fara. Ya daɗe yana kallon zanen ƙarshe.

"Ai daidai ne," ya ce. "Haka aka yi. To me kuka gani ku?"

Malam Ya'akubu ya durƙusa ya gaya masa, bai rage komai ba. "Ka yafe mini, don Allah, don Annabi."

Dzarma ya sa takalmansa, ya ɗaure igiyoyin ɗaya bayan ɗaya.

"Nawa mai sauƙi ne, Malam. Amma labarinka ya riga ni isa ƙauyenmu. Uwata ta mutu ba ta yarda in ɗauki gawarta ba, ta ce kada in yar da ita a hanya."

Babakura ya yi wa Saje alama da kai. Saje ya kama hannun dattijon ya tashe shi, ya wuce da shi bayan kanta.