Bayan Faifan Oga Hyacinth

Ranar da Oga Hyacinth mai gyaran rediyo zai bar Funtua ya koma garinsu, bayan shekara arba'in da wani abu, ya bar wa amininsa Malam Maharazu garmahonsa da faifai guda. Faifan wasu Turawa ne masu dogon gashi, an buga shi tun zamanin da auduga ke da daraja.

"Kafin wannan faifan ba wanda ya san su," in ji Hyacinth yana goge shi da gefen rigarsa. "Wata shida suka kulle kansu a ɗakin ɗaukar murya, da suka fito duniya ta ɗauka. Fuska ɗaya waƙa ɗaya ce, minti ashirin. Bayan faifan kuwa ya narke, guga aka ɗora mini a kai. Amma Malam, ka ji, irin wannan kiɗan ba a ɗaga masa allura a tsakiya. A kai shi ƙarshe."

Maharazu ya yi dariya. "To liman, na ji huɗuba."

Shi ba don sauraro ya karɓa ba. Dawarsa ta hanyar Maska ta fitar da kai, tsuntsayen jan-baki sun sa ta gaba. Sai ya kai garmahon rumfar gona da ke kusa da wata tsohuwar kuka, ya haɗa shi da batirin mota da tsohuwar lasifika. Kiɗan yakan fara a hankali da sarewa, sai amo mai kauri irin na coci, sannan ganguna su barke. Tsuntsaye kuwa su tashi kamar hayaƙi. In faifan ya ƙare ya mayar da allura farko. Kwana tara yana haka.

Matarsa Tasalla ba ta so ba. Kakarta ta yi bori kafin ta tuba, ta kuma ji abubuwa a bakinta.

"Malam, kusa da kukar nan kake wannan kiɗe-kiɗen? Wanda aka kira da kiɗa, da kiɗa ake sallamarsa."

"Tsuntsu nake kora, Maman Kausar, ba kowa nake kira ba."

Rana ta goma aka yi jana'iza a Maska bayan azahar. Ya ɗora allura ya tafi, bai dawo ba sai da rana ta yi ja. Ya goyo Tasalla a babur, za ta tsinki yakuwa a gayaunarta kafin ya kwance garmahon.

Tun daga bakin hanya suka ji sarewar.

Maharazu ya kashe babur. Ya ƙirga a ransa. Awa huɗu da tafiyarsa, faifan kuwa minti ashirin ne.

"Wa ke mayar da allurar?" Tasalla ta tambaya ƙasa-ƙasa.

Suka bi kunya suka shiga. Ba kukan tsuntsu ko ɗaya, ba gyare. Iska na warin toka mai ɗumi da wani turare da bai taɓa shaƙa ba. Da suka iso rumfar, ya ga karan dawa sun kwanta a kewaye, layi-layi, kowane wuri da ɗan lotsawa kamar inda mutum ya daɗe a zaune.

Ba kowa.

Ganguna na tsaka da barkewa ya kai hannu ya ɗaga allurar.

Shirun da ya biyo baya yana da nauyi, kamar an kifa musu kwarya. Can sai kara ɗaya ya karye. Wani ya karye kusa da shi. Ana miƙewa tsaye.

Ya buɗe baki zai yi Ayatul Kursiyyu, harshensa ya zama kamar dutse. Ya juya ya kama hannun Tasalla su gudu. Hannun sanyi ƙalau. Ƙafafunta sun kafe, kwandon yakuwa ya faɗi, idonta na kan kukar.

Leɓenta ya motsa. Muryar ba tata ba ce, kuma ba ta mutum ɗaya ba ce.

"Kwana goma kana ba mu rabi. Juya."

"Bayansa ya lalace," ya samu ya ce da ƙyar. "Wallahi ba komai a kai."

"Juya."

Tasalla ta ɗaga ƙafa ɗaya ta nufi kukar. Ya rungumo ta da duk ƙarfinsa, ta ja shi kamar ɗan akuya. Taku biyu. Taku uku. Ya sake ta ya rarrafa zuwa rumfar, ya kifa faifan. Ga shatin guga nan, sumul, ba layi ko ɗaya. Ya ɗora allura a kai.

Garmahon ya yi juyi biyu ya tsaya. Batir ya mutu.

Tasalla ta ja numfashi, bai fita ba.

Ya sa ɗan yatsa a tsakiyar faifan ya tura. Allura ta soma zamewa, sii, sii. Lasifika ba ta ce komai ba.

Daga bakin Tasalla kiɗan ya fito.

Sarewa tukuna. Sai amon nan mai kauri, daga ƙirjin tsohuwar da ko waƙar daka ba ta cika yi ba. Hawaye na bin kumatunta, bakinta a buɗe.

Ya ɗan sassauta don hannunsa ya gaji. Kiɗan ya yi ƙasa, wuyanta ya lanƙwashe.

Ya ƙara sauri.

Daga nesa aka kira magariba. Ya ji, bai iya amsawa ba. Wani abu ya zauna a gefensa, tabarma ta lotsa, ɗumi na dukan kafaɗarsa. Bai duba ba.

Fatar yatsan ta saluɓe. Jini ya sa faifan santsi. Ya canza yatsa.

Bai san inda waƙar za ta ƙare ba. Bai taɓa jin ta ba.

Juyi. Juyi. Juyi.

Sannu a hankali ganguna suka janye, sarewa ta rage ita kaɗai, siririya. Kara ya motsa a gabas. Wani a arewa. Ana watsewa, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, kamar an shafa fatiha. Na gefensa ne ya tashi a ƙarshe.

Tasalla ta yi atishawa ta zube.

A bayansa ya goyo ta har bakin hanya, ya ɗaure ta da gyalenta a jikinsa, ya tuƙa babur da hannu na jini. Garmahon yana can, bai koma ɗauka ba. Dawar ta nuna ta yi kyau, tsuntsu bai taɓa ta ba, amma ba a samu wanda zai yanke ta ba, har ta zube.

Tasalla ta warke bayan an yi mata rubutu na mako biyu. Ba ta tuna komai. Sai dai in rana ta yi ja tana tankaɗe, takan yi ɗan gunguni a maƙogwaro ba ta sani ba, shi kuma yatsansa ya soma zagaye a kan gwiwarsa.

Wata uku bayan haka Hyacinth ya bugo waya su gaisa. Suna cikin hira sai Hyacinth ya katse maganar.

"Malam, wa ke waƙa kusa da kai?"

"Maman Kausar ce."



"Bayan faifan ne wannan," in ji Hyacinth a hankali. "Shekara talatin rabon da in ji shi. Amma ai ba a nan yake ƙarewa ba. Da saura."

Maharazu ya dubi matarsa. Ta ajiye rariya, ta juya fuskarta wajen hanyar Maska.