Wanda Ya Sauya Buhunan Yirgacefe

Ana tsakiyar gasar cin kofin duniya, Doha ta cika ta batse da baƙi, aka tura Sufeto Abdulbaqi wani ƙaramin kamfanin suyar gahawa a unguwar Mu'aither. A Sudan aka haife shi, iyayensa Hausawa ne, saboda haka duk ƙarar da Hausa ta shigo cikinta, teburinsa take sauka.

Mai kamfanin, Hajiya Muhsina, ta kai shi sito, ta ɗebo ƙwayar gahawa ɗanya a hannu biyu.

"Duk daga Habasha muke saye, Yallaɓai. Akwai ta Harar, doguwa, da ɓawonta ake shanya ta. Wannan ƙaramar mai kore-kore ta Yirgacefe ce, daga tsaunukan kudu, wanke ta ake yi kafin a shanya. Ƙamshinta kamar lemun tsami da fure. Ita wani otal ya ce mu kai wa baƙinsa."

"Ta ɗaya hannun fa?"

"Jimma ce, ita ma ta ƙasa-ƙasa. Ita muka tarar a buhunan Yirgacefe. An zazzage, an ɗura wannan, an sake ɗinkewa. Otal ya dawo mana da kayanmu."

"Wa ya duba buhunan a ƙarshe?"

Wani mutum mai furfura a gemu ya matso daga wajen injin suya. Malam Gafaru ke nan, mai ɗanɗana gahawar kamfanin, wanda ba buhun da ke fita sai da yardarsa.

"Ni ne. Ran Alhamis na shinshina kowanne, lafiya lau. Ran Juma'a kuwa ba kowa a nan sai Garzali maigadi. Ba na son zargi, amma makulli a hannunsa yake."

Yana cikin magana ƙauri ya fara tashi daga injin da ke bayansa. Hajiya ta yamutsa fuska. Sufeto ya yi tari. Gafaru bai waiwaya ba sai da hayaƙi ya gifta ta gabansa, sannan ya ruga ya kashe wuta.

"Hankalina ne ya rabu," in ji shi.



A ofishin 'yan sanda, Garzali na tsare tun safe. In laifin ya tabbata a kansa, gidan yari ne, daga nan a sa shi jirgi, ba shi ba Qatar har abada.

"Wallahi, Yallaɓai, ran Juma'a ko nan da can ban je ba."

"Juya kanka."

A bayan kunnensa akwai ragowar fenti, kore da rawaya.

"A bakin ƙofar sito ake shafa wa mutane tutar Senegal?"

Garzali ya sunkuyar da kai. "Wasan kawai na je kallo a majigi. Ƙwallo ta zo har gida, Yallaɓai, a ce ban gani ba? Makullin na bar shi a bayan tukunyar kashe gobara. Kowa a kamfanin ya san wurin."

"Ka yi ƙarya sau ɗaya. Me zai sa in yarda ba ka yi ta biyu ba?"

"Ni ko gahawar ba na sha. Ɗaci gare ta. Shayi nake sha."

Sufeto ya fito yana tunani. Maƙaryaci daban, ɓarawo daban, amma a gaban alƙali sukan yi kama. Ya tambayi kansa wa zai sayi ɗanyar gahawa ba tare da ya bi ba'asi ba. Sai wanda ke suya da kansa, kuma a Doha matan Habasha ne ke wannan.

Ya bi shagunansu ɗaya bayan ɗaya. A garin Wakrah, can bayan kasuwa, wata dattijuwa ta tare shi da faɗa tun kafin ya gama tambaya.

"An kawo mini! Wani baƙin mutum da takunkumi a fuska, kamar lokacin korona. Na ga ƙwayar na gane ta garinmu ce, na saya. Zo ka ji abin da ya cuce ni da shi."

Ta kwance bakin buhun. Sufeto ya sunkuya, sai ya tsaya cak. Sandal, da hawi, da gajiji. Turaren wuta, ƙamshin ɗakin mahaifiyarsa ran Juma'a.

"Mu ma muna ƙona lubban in muna dafa gahawa," in ji dattijuwar, "amma a gefe, ba a cikin buhu ba. Ɗanyar gahawa duk abin da ta kwana kusa da shi sai ta sha. Wane mai hanci ne zai ajiye ta a wurin turare?"

Garzali a ɗakin gwauraye yake kwana, inda ba abin da ke tashi sai warin takalma. Sufeto ya nufi unguwar Old Airport, inda Gafaru ke zaune.

Matar Gafaru, Zaituna, ta buɗe ƙofa, ƙamshin ya riga ta fitowa.

"An ce mini kina haɗa turaren wuta, Hajiya."

"Irin na Maiduguri, na gaske. Na uwargida za ka saya?"

"Maigidan bai damu da hayaƙin ba? Na ji aikinsa na hanci ne."

Ta yi dariya. "Da can kam har faɗa muke yi, ya hana ni kunna kasko in yana gida. Tun da korona ta kwantar da shi bara, khalas, shi ke nan. Ko miya ta ƙone sai ya ce ta yi daɗi. Yanzu har kayan aikinsu yake ajiyewa a ɗakin turarena."

Dariyar ta ɗauke da ta ga katinsa na ɗan sanda.

Washegari da hantsi Sufeto ya koma kamfanin, ya sa aka kawo Garzali. Ya miƙa wa Gafaru ƙwaya a faranti.

"Malam, mun samo wasu buhuna. Kai ne masani. Duba mana, ita ce?"

Gafaru ya dubi ƙwayar, ya kai ta hanci, ya lumshe ido, ya ja numfashi mai tsawo.

"Ita ce. Yirgacefe tsantsa. Ga lemun tsamin nan, ga furen. Ba abin da ya taɓa ta."

Hajiya Muhsina ta karɓi farantin. Ko hanci ba ta kai shi ba ta ɗago.

"Malam Gafaru, wannan ai turaren Zaituna ne. Irinsa na saya da Sallah."

Garzali daga inda yake tsaye ya ce, "Ni ma tun daga nan ina ji."

Gafaru ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Ya sake kai hannu hanci, ya shaƙa, ya ƙara shaƙa. Sai ya zauna a kan buhu.

"Shekara guda da wani abu ba na jin komai," ya ce a hankali. "Da ido nake aiki, da abin da na haddace. Na san baƙin nan masu hanci za su tona ni, Hajiya ta sallame ni. Na ce in koma gida da ɗan abin hannu. Na ga yaron nan ya tafi kallo, na ɗauki makullin."

"Da ka faɗa mini, ai da na bar ka kan injin suya," in ji Hajiya. "Ciwo laifi ne?"

"Ba hancinka ne ya kawo ni ba, Malam," in ji Sufeto. "Da bakinka ka ce makulli a hannun Garzali yake, kana kallo aka tafi da shi."

Ya cire ankwa daga hannun Garzali, ya juya wajen Gafaru.

"Yalla, mu tafi."

A bakin ƙofa Gafaru ya tsaya, ya waiwayi injin da aka zuba wa sabuwar ƙwaya.

"Hajiya, wacce ke kan wuta?"

"Harar ce."

Ya gyaɗa kai, ya ja iska sau ɗaya, ya shiga mota.