Muryar Bayan Katako

"Wallahi ba za ki auri mai jin muryoyi ba!" in ji Goggo, ta fizge gyalen da ke hannun 'yar wanta.

"Goggo, ya daɗe yana shan magani..."

"Magani! Ga ɗan mai gidan hayarsu yana sonki, lafiyarsa ƙalau!"

Baba ya ce shi sai ya gani da idonsa. Bayan la'asar 'yarsa ta raka shi wurin saurayin nata, mai gyaran waya.

Gidan haya ne, kowane ɗaki an raba shi biyu da katako. Injin niƙa yana ruri a ƙofa, kwata na bin zaure. A nan ciwon ya same shi bayan masana'antarsu ta rufe: ba aiki, ba barci, ba ɗan'uwa kusa. Ranar da ta raka shi asibiti, yawancin mutanen da ke layin ganin likita 'yan unguwar ne.

Ya shimfiɗa wa Baba tabarma, ya ajiye kwalin magani a gabansa.

"Ga shi, Baba. Ban ɓoye komai ba."

Sai wata murya ta taso ƙasa-ƙasa.

"Mahaukaci... tashi ka gudu... ɗaure ka suka zo yi..."

Ta dubi saurayin.

"Rabin raina..." ta ce a hankali.

Bai tashi ba. Ya yi abin da likita ya koya masa.

"Baba, ka gafarce ni. Ina jin murya. Kai ma ka ji, ko ni kaɗai ne?"

Baba ya miƙe. Ya fita ba takalmi, ya banko ƙofar maƙwabta. Ɗan mai gida ne durƙushe, bakinsa manne da katako.

"Sannu da aiki," in ji Baba. "Kai wane asibiti kake zuwa?"

Ya dawo ya zauna.

"Na ji ta, ɗana. Amma wata rana za ka ji wadda ba wanda ya ji."

"Zan tambaya, Baba."

"Ni kuma zan gaya masa gaskiya," ta ce.

Baba ya daɗe yana duban rufin kwanon.

"'Yata ba za ta zauna a nan ba, kai ma haka. Akwai ɗaki a bayan shagona, na bulo ne. Ka turo manyanka."

"Goggo fa?" ta tambaya.

"Ƙanwata ce. Za ta yi faɗa, sannan ta zaɓar muku labule."