Ranar Da Tela Ya Ce A'a

Auta tana zaune a ƙofar ɗaki tana tsince shinkafa. Hannunta yana aiki, amma zuciyarta shiru take kamar ɗakin da aka kwashe kayansa. Ta daina kuka tuntuni. Tun ranar da Baba ya je ɗaurin auren ɗan amininsa da tsohuwar riga, saboda Tela, saurayinta, bai gama ɗinka masa sabuwa ba, maganar aurensu ta kwanta.

"Ba mugun yaro ba ne," in ji Baba a ranar, yana ninke tsohuwar rigar. "Amma bakinsa bai san a'a ba. Kowa ya kawo yadi sai ya karɓa, kowa ya ce masa gobe. Idan sabuwar shekara ta shigo bai canza ba, a rufe zancen."

Da shekara ta shigo, Tela ya zo ya tsaya a ƙofar gida yana murza hula.

"Na yanke shawara, Auta. Daga yau ba na karɓar oda sai na san ranar da zan gama ta."

"To."

"To kawai?"

"Bara ma haka ka ce."

"Sori," ya ce a hankali. Ta koma ciki, ba fushi, ba murna.

Amma fa wannan karon yaron ya daure. Da sassafe yake buɗe shago, ya kashe waya ya jefa ta cikin aljihun keken ɗinki. Bencin da abokansa ke zaman hira a kai ma ya jingine shi da bango. Wasu kwastomomi suka yi fushi suka gudu, ya bar su.

Ana nan, sai ga Gwaggo, yayar Baba, wadda ba a tsallake maganarta a gidan. Ta dire leshi a kan teburinsa.

"Surukina! Bikin 'yar ƙawata jibi ne. Ka nuna min gwanintarka, ni kuma in yi maka magana a wurin ƙanena."

Tela ya dubi leshin, ya dubi tulin kayan 'yan makaranta da ya yi alkawarin gamawa jibin nan. "To" ta zo har bakinsa. Ya haɗiye ta.

"Gwaggo, ki yi haƙuri, ba zan iya ba. Idan na karɓa, ƙarya zan yi miki. Akwai wani tela a layin baya, hannunsa yana da kyau. Mu je in raka ki."

"Ni? Ni za ka tura layin baya?"

Ko sallama Gwaggo ba ta yi ba da ta faɗo gidan su Auta.

"Kun ga abin da kuke neman jajibo mana! Tun bai shigo ba ya fara wulaƙanta dangi! Wallahi in dai ina numfashi—"

Umma ta fara share hawaye da bakin mayafi. Auta ba ta ɗaga kai ba. Shi ke nan, ta ce a ranta, ta ci gaba da tsintar tsakuwa a faifan shinkafa.

Baba ya rage muryar rediyo. "Yaya, me ya ce miki daidai?"

"A'a ya ce min! Ido cikin ido!"

"Ya san ke ce kuwa?"

"Har Gwaggo ya kira ni, marar kunya!"

Baba ya yi murmushi. "Yaya, da haka ya ce min bara, da ban shiga taro da tsohuwar riga ba. Wanda ya iya faɗa miki gaskiya, alhali aurensa yana hannunki, ba zai yaudari 'yata ba." Ya juya. "Auta, ki gaya masa ya turo manyansa."

Faifan ya zame daga cinyarta, shinkafa ta watse. Sai a lokacin hawayen da suka daɗe da ƙafewa suka ɓalle, har Umma ta rungume ta.

Gwaggo ta ja tsaki, ta ɗauki leshinta. "To ku kai masa yadin biki tun yanzu. In ba haka ba, amaryar ma layin baya zai tura ta!"

Aka yi biki, kayan amarya kuwa sun iso kafin ranarsu. Ku da kuke ƙulla niyya duk sabuwar shekara, ku riƙe wannan: ba a gane canjin hali ranar da aka furta shi, sai ranar da tsohon hali ya dawo da murmushi, aka ƙi buɗe masa ƙofa.